Jinin Kawu Barau a Hanyar Mafara

Janbako,
12 ga Satumba, 2021

Zuwa ga ɗiyata Mufida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wasiƙar ga ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Imran da abin da kike ɗauke da shi. Allah ya raba ku lafiya. Uwargidana Inna Hauwa na gaishe ki. Taubashinki, ɗana Sadi, ya ce in tambaye ki ko har yanzu kina jin Hausa, ko sai an samo mai fassara mana Yarbanci.

Kada ki yi mamakin ganin rubutuna. Rabona da riƙe biro tun ina sakataren ƙungiyar mahauta. Yau kwana tara ke nan da aka katse layukan waya a ƙasar ga ta Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, wayar da kika saya mini ta koma fitila. An rufe kasuwannin mako, an hana safarar dabbobi. Mahauci ba yanka, sai zaman ƙofar gida da korar ƙuda. Gero dai ya yi kyau, alhamdu lillahi, in an bar mu mun girbe. Wasiƙar ga Manu direba zai kawo miki, wanda ke kai wake ƙasarku. In kin rubuta amsa ki ba shi, zai ajiye ta gidansa na Talata Mafara, duk wanda ya shiga gari daga nan ya karɓo.

Dalilin rubutun shi ne ƙafata. Mako uku da suka wuce, kafin a rufe kasuwa, na taka tsinin ƙashi a mahauta, ya huda silifa ya shige ƙarƙashin babban yatsan hagu. Ban ma ji ba sai da Sadi ya nuna mini jini a ƙasa. Har yau bakin ciwon bai rufe ba. Malamin asibitinmu ya ce mai ciwon suga ba ya wasa da miki, lallai a auna jinina. To tsinken da yake sa wa na'urarsa ya ƙare, kuma ba ranar zuwan wani. Ni ko ba ni iya hawan babur da ƙafar ga, kin kuma san hanyarmu. Shawarar da ya kawo ita ce ya ɗebi jinin a 'yar kwalba, Sadi ya kai ɗakin gwaji a Mafara.

Ke ce aikinki kallon jinin mutane, shi ya sa na ce ban yarda ba sai na ji daga bakinki. Ana yin haka? Ƙwayoyin da likita ya rubuta mini ina sha safe da yamma, saura na wata guda. Wani aminina kuma ya kawo mini jiƙon garahuni, ina haɗawa da shi.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Barau

*

Ilorin,
20 ga Satumba, 2021

Kawuna,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka, na yi murna da jin kuna lafiya, hankalina kuma ya tashi da batun ƙafar. Mu nan lafiya lau, nauyi ne dai ya fara yawa. Ka gaishe mini da Inna. Ka ce wa Sadi Hausata ta fi tasa, shi da ko sallama sai ya haɗa da farashin tsoka.

A tsaye nake rubutun nan a bakin ƙofar asibiti, Manu na ta danna ham, don haka a yi haƙuri da gajartarsa. E, ana iya ɗibar jini a kai wani wuri. A ɗiba da safe kafin ka ci komai. Sai dai a kula da shi ƙwarai a hanya, domin ko ya bar jiki ƙwayoyinsa na nan da ransu, ba matattu ba ne. Kada Sadi ya yi wasa da shi.

Kada ka fasa shan maganinka. A riƙa wanke mikin da tafasasshen ruwa da ɗan gishiri, a rufe da tsumma mai tsabta, kada ka taka ƙasa ba takalmi. Da zarar sakamako ya fito ka rubuto mini lambar.

Ɗiyarka,
Mufida

*

Janbako,
3 ga Oktoba, 2021

Ɗiyata Mufida,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki. Mu duka lafiya, sai zazzaɓin kaka da ya taɓa jikoki biyu, sun kuwa miƙe. An fara yankan gero, amma ba mai yin nisa da gari.

Albishirinki. Na warke. Takardar ta fito da biyar da ɗigo biyu. Malamin asibiti ya juya ta gaba da baya, ya ce shi kansa da za a auna ba zai fi haka ba. Shekara shida ina fama, ban taɓa ganin ƙasa da goma ba.

Bari in ba ki labarin yadda muka bi umarninki, don ki san ba mu yi wasa ba. Da aka karanta maganarki cewa jini na da rai bayan ya fita, zauren ga ya yamutse. Ni na ce shekara arba'in ina zubar da jini, ban taɓa ganin ya tashi ya bi ni ba. Inna ta ce to ai ba ka taɓa tsayawa ka tambaye shi ba. A ƙarshe muka ce wadda ta yi karatun abin ta fi mu sani. Sai muka yi tunani irin namu. Duk mai dabba ya san abin da ke kashe ɗan rago da aka haifa a daji, sanyi ne. Makiyayi rungumo shi yake yi cikin riga har gida. Mu ma a mahauta mun san jini in ya huce shi ke nan, ya daskare. Don haka da malamin ya cika 'yar kwalbar mai murfi shunayya, ƙarfe bakwai na safe, Inna ta naɗe ta da auduga, ta ƙara da safar jariri, Sadi ya ɗaure ta da rawani a ƙirjinsa ƙarƙashin singileti, fata da fata.

Ya sha hanya, bawan Allah. An ce an ga mutanen daji a hanyar da muka saba, sai ya zagaya ta wajen Bakura. Ga shingayen jami'an tsaro, ga layin mai tunda an hana sayarwa a jarka. Bai isa Mafara ba sai bayan la'asar, wajen huɗu da rabi. Ya ce ko da zai yi salla bai kwance ta ba, kuma da ya miƙa wa yaron ɗakin gwajin tana nan da ɗuminta kamar yanzu aka ɗiba.

Na ajiye ƙwayoyin. Na san kin ce kada in fasa, amma lokacin ba ki ga takardar ba. Ragowar na kai wa Malam Abdulhamid limaminmu, shi ma yana da ciwon kuma nasa sun ƙare. Ina ganin garahunin ga ne Allah ya sa wa albarka, har mutane sun fara zuwa tambayar yadda ake jiƙa shi. Ranar Juma'a na yi sadakar waina. Na sha fura da zuma, Mufida, ludayi bayan ludayi, abin da rabona da shi tun kafin bikinki.

Ƙafar tana ɗan ruwa har yanzu, yatsan ya kumbura, amma ko kaɗan ba ta ciwo, ko an matsa ban ji. Na ɗauka alamar sauƙi ce. Malamin ya ce a sake awo bayan mako biyu don a tabbatar, kuma yadda muka yi na farko haka za mu yi.

Kawunki mai sa miki albarka,
Barau

*

Ilorin,
11 ga Oktoba, 2021

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, Allah ya ƙara wa yara lafiya. Ka yafe mini, ba zan tsawaita gaisuwa ba. Duk wanda ya fara buɗe takardar nan ya karanta wa Kawu ita a take, kada a jira ya dawo daga masallaci.

Ba ka warke ba. Lambar nan ba ta jikinka ba ce. Ka koma kan maganinka yau. A je a roƙi Malam Abdulhamid ya dawo da ko rabi ne. A ɗauke zuma da fura daga gabanka.

Sau uku na karanta wasiƙarka. Da na zo inda Inna ta naɗe kwalbar da auduga sai na zauna a kan matakala, abokiyar aikina ta zaci naƙuda ce. Ni na jawo wannan. Na rubuta muku rabin magana saboda ana danna mini ham, na bar rabin da ya fi muhimmanci. Ga shi yanzu cikakke.

Abin da ke sa jini ja wasu ƙwayoyi ne ƙanana, a ɗigo guda akwai miliyoyinsu. Aikinsu dakon iska daga huhu zuwa ko'ina a jiki. Sauran ƙwayoyin jiki kowace tana da ɗan murhunta a ciki, inda take ƙona abinci da iskar nan, ko mai ne ko suga, ta sami ƙarfi mai yawa. Ita jar ƙwaya tun tana tasowa cikin ɓargo take zubar da murhun nata da sauran kayan cikinta, don ta sami wurin ɗaukar kaya. Shi ya sa ba ta taɓa iskar da ta ɗauko, kamar ɗan dakon da ba ya buɗe buhu. Amma ɗan dako ma yana cin abinci. Tana buƙatar ƙarfin da za ta riƙe siffarta, ta lanƙwashe ta wuce jijiyoyin da suka fi gashi siranta, ta kuma kare kanta daga lalacewa tsawon wata huɗun da take rayuwa. Tunda ba murhu, ba ta iya cin mai, ba ta iya cin komai sai suga. Tana tsaga shi biyu, ta ɗan tsotsi abin da ta samu, ta yar da saura mai tsami, hanta ta kwashe. Ƙarfin da take samu ta wannan hanya kaɗan ne, don haka bakinta ba ya hutawa.

Cikin jikinka, tana ci ana ƙaro mata. Cikin kwalba ba mai ƙarowa. Ita ba ta san ta bar jiki ba, tana ci ne kawai, sugan da ke kwalbar yana raguwa. A ɗaki mai sanyi-sanyi ma yana raguwa kowace awa. A ɗumin jikin mutum, wanda shi ne ɗumin da ta fi so, tana iya cinye kusan kashi ɗaya cikin goma duk awa. Sadi ya ba ta wannan ɗumin awa tara da rabi. Na zauna na juya lissafin baya: abin da malamin ya ɗiba daga hannunka ƙarfe bakwai ba zai gaza sha uku ko sha huɗu ba. Biyar ɗin nan abin da suka rage ne.

Da na ce suna da rai, abin da nake nufi shi ne a hana su ci. Akwai kwalba mai murfi ruwan toka, da garin magani a ciki da ke ɗaure musu baki. Mai murfi shunayya tana hana daskarewa ne kawai. In babu ta tokar, a sa cikin ƙanƙara a kuma isa da wuri, cikin awa guda. Daga Janbako a halin da ake ciki ba mai iya wannan. Ya kamata masu ɗakin gwajin su tambayi lokacin da aka ɗiba, ba su tambaya ba, amma ni ce ya fi kamata in faɗa. Kada a sake aika jini. Kai za a kai.

Batun rashin ciwo kuwa shi ya fi tsorata ni. Suga ne ke kashe jijiyoyin ji, shi ya sa ka taka ƙashi ba ka sani ba. Miki mai kumburi da ruwa wanda ba ya ciwo yana cin nama ne a ɓoye. A nemo mota ko amalanke ce, a kai ka asibitin Mafara a cikin makon nan, a soki yatsan hannunka a gabanka a auna.

Da ni zan taho da kaina. Na haɗa jaka, likitar da ke duba ni ta ce in na hau hanyar kwana biyu a wata na takwas ita ba ruwanta, Imran kuma ya ɓoye jakar. Na kira duk lambar da nake da ita a Zamfara, ko ɗaya ba ta shiga.

Ɗiyarka,
Mufida

*

Talata Mafara,
24 ga Oktoba, 2021

Mufida,

Salamu alaikum. Ina fatan kina lafiya ke da Imran. Sadi ne. A zauren Manu nake, a kan buhun wake nake rubutu. Yanzun ga matarsa ta miƙo mini wasiƙarki. Ta ce yau kwananta shida a kan taga, ba wanda ya shigo daga wajenmu tunda ba kasuwa. Na karanta ta a tsaye. Na sake karantawa a zaune.

Kin makara, ko mu muka makara, ban sani ba. Mun riga mun sake.

Ran sha huɗu ga wata aka ɗiba. Ban sami fita da wuri ba saboda an ji harbi wajen gabas, sai azahar na kama hanya. Shida ta yi mini a Bakura, kin san an hana babur daga shida, na kwana gidan ƙanwar Inna da kwalbar a ƙirji. Rigingine na kwanta don kada in danne ta. Washegari wajen tara na miƙa ta. Yaron ɗakin gwajin ya fito da takarda, ya ce ɗaya da ɗigo takwas, ya ce in mai jinin ga yana da rai in ruga in ba shi suga, in ba haka ba zai suma ya wuce. Bai tambaye ni yaushe aka ɗiba ba. Na zuba gudu irin wanda ban taɓa yi ba.

Na iske Baba zaune yana jin rediyo. Na ce Allah ya taimake mu na iso. Na dama sukari a kofi na tsaya a kansa sai da ya shanye. Malamin asibiti ya yi shakka, ya ce mai ɗaya da ɗigo takwas ba ya zama yana musu da rediyo, amma takarda ce a gabansa da hatimi. Muka ce garahunin ne ya yi ƙarfi. Kwana tara, Mufida. Zuma da safe, rake da rana, lemon kwalba in an samu. In ya yi lamo muka ce sugan ne ya sake faɗuwa, mu ƙara. Yana shan ruwa kamar raƙumi, buta ba ta hutawa. Inna ta ce ta ga tururuwa sun taru inda yake fitsari, na ce mata ta bar zancen tsofaffi, ga takardar asibiti. Ya rame, idonsa ya faɗa. Shekaranjiya ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu. Yatsu biyu sun yi baƙi, kuma akwai wari. Ni mahauci ne, na san warin ga, amma na hana kaina sani.

Kin san abin da ya kawo ni Mafara yau? Garin gulukos na zo saya. Ga gwangwani biyu nan a gefena.

A zauren ga na ce a raina ke kika ce yana da rai, ke kika ce kada in yi wasa da shi, ban kuwa yi ba. Na so in rubuta miki maganganu. Sai na tuna hannun wa ya riƙe kofin.

Manu ya ce ƙaninsa na da a-kori-kura, zai shiga da ni in an biya shi haɗarin hanya, mu ɗauko shi kafin la'asar. Ki yi addu'a. Ban san abin da zan iske ba.

Sadi

*

Ilorin,
1 ga Nuwamba, 2021

Sadi, ɗan'uwana,

Wa alaikumus salam. Ina nan lafiya, ana sa ran haihuwar kowane lokaci. Jiya wasiƙarka ta zo. Kwana takwas ke nan da ka rubuta ta, duk abin da zai faru ya riga ya faru, ni kaɗai ce ban sani ba. Ban san ko gaisuwar jinya zan rubuta ba ko wata. Na sa wayata a gabana ina kallo kamar za ta yi magana.

Maganganun da ka fasa rubutawa, ka rubuto su, nawa ne. Kai ka yi abin da takarda ta ce, kuma ka kwana rigingine saboda ubanka. Ba na son in sake jin zancen kofi.

In Allah ya sa kuna asibiti, ga abu biyu. Ka roƙi likita ya yi masa awon wata uku. Suga yana manne wa jajayen ƙwayoyin nan muddin suna raye, wanda ya manne kuma ba sa iya cinye shi, don haka wannan awon hanya ba ta ɓata shi. Shi zai nuna musu gaskiyar inda aka fito. Na biyu, in suka ce Sakkwato, kada ku tsaya shawara da kowa. In suka yi maganar yanka, Kawu zai ƙi. Ka nuna masa wannan layin: Kawu, ni Mufida na roƙe ka ka sa hannu.

A Sakkwato akwai layi. Ku kira ni ko a bakin ƙofar gari ne.

Mufida

*

Sakkwato,
21 ga Nuwamba, 2021

Ɗiyata Mufida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jego, ina gaishe da Imran, ina gaishe da amaryata Ihsan. Allah ya raya ta, ya sa mahaddaciya ce. Sadi ya nuna mini hotonta, ya ce hancin naku ne, ba a yi sa'a ba. Inna na nan tare da ni, ta koyi hanyar kasuwar bakin asibiti har tana yi wa mutanen gari kwatance.

Sau uku muna magana ta waya, sau uku kina kuka kina neman gafara, ba ki bari in kai ƙarshen zance. Shi ya sa na ce a ba ni biro. A takarda ba ki iya katse ni.

Ranar da suka ɗauko ni ban sani ba, sai labari. An ce da aka soki yatsana a Mafara na'urar ta ƙi ba da lamba, abin ya wuce iyakarta. Kwana goma sha ɗaya na yi can ana ƙara mini ruwa da allura har hankalina ya dawo, amma baƙin ya hau ya wuce idon sawu, sai suka turo mu Sakkwato. Nan suka yi awon da kika ce. Likita ya ce wata ukun ga sugana bai sauka ko yini guda ba, har ranar da nake rabon waina.

Da suka yi maganar yanka, ba sai da aka nuna mini layin da kika rubuto ba. Da suka kwance bandejin na ce a ɗaga mini kai in gani. Na duba. Da a mahauta aka kawo mini irinta, ban bari a ɗora ta kan faifai. Na tambayi likitan inda nama mai kyau ya fara, ya nuna da biro, na ce ya ƙara sama da yatsa biyu. Ya dube ni ya ce, "Baba, aikin mi kake yi?" Na gaya masa. Ya ce to mun fahimci juna.

Allurar baya suka yi mini, ido biyu nake, an sa labule a ƙirjina. Ban ji komi ba amma kunnena na ji. Na san lokacin da suka gama da tsoka, na san lokacin da suka kai ƙashin ƙwauri, don na san ƙararsa. Nan ne kawai na yi salati da ƙarfi. Faɗin tafi guda ƙasa da gwiwa suka tsaya. Aikin ya yi tsaf, ba tsaga, ba ɓarna. Sun ce in wurin ya warke akwai ƙafar roba.

Yanzu ki saurara. Ke kin faɗi rabi, ni na cika sauran da ilimin mahauta, ni kuma na ajiye magani bayan kin ce kada in ajiye. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Haka na gaya wa Sadi, wanda har makon jiya ba ya iya kallon wurin da aka yanke. Abu guda ne har yau ke hana ni sakewa in na tuna. Duk jinin da na zubar a rayuwata, ashe yana kwance a ƙasa yana neman abinci, ni ina wanke wuƙa. Na aika a roƙi malamin asibitinmu ya gaya wa duk mai niyyar aika kwalba labarina, da sunana, ban ɓoye ba, don na ji har mutum biyu a ƙauyen Gidan Goga sun so yin yadda muka yi.

Da aka gama suka tambayi Sadi yadda za a yi da ƙafar. Ya je ya sayo farin yadi kamu biyu, ya naɗe ta, wani dattijo mai gadin maƙabarta ya nuna masa wuri a gefe, suka rufe ta su biyu. Ya dawo yana share ido yana ce mini ya sa alama da dutse, ko zan so a kai ni in gani in na miƙe. Na ce ya bari. Ita ta riga ta isa, ni ke da sauran tafiya. Sai dai na gaya wa Inna, in a Janbako aka rufe ni, ranar tashin alƙiyama kada ta tsaya jirana, ta yi gaba, don sai na biyo ta Sakkwato tukuna.

Ki ci abinci, ki sha kunun kanwa, ki bar kuka kada nono ya ƙafe.

Kawunki,
Barau